Babi na Shida: Likita a Motar Asibiti da Mintunan da Ke Gabansa

Idan mutum ya yanke jiki ya faɗi a wani gida a birnin Paris, iyalinsa suka buga lamba 15, kukansu zai kai kunnen likita tun a waya. Shi zai saurara, ya yi 'yan tambayoyi, in ya fahimci zuciya ce ta tsaya sai ya tashi mota mai ɗauke da wani likitan, da ma'aikacin jinya, da direban da shi ma ya san aikin. A Jamus mota biyu ake tayarwa: babbar motar asibiti, da wata ƙarama mai gudu wadda likitan gaggawa ke ciki, su haɗu a ƙofar gidan. Amma in a birnin Seattle na Amurka abin ya faru, waɗanda za su fara buga ƙofa 'yan kwana-kwana ne, sai jami'an agajin gaggawa su biyo bayansu. Babu likita a cikinsu. Likita yana can asibiti yana jira.

Dukkansu ƙasashe ne masu arziki, da likitoci da kuɗin biyansu. Duk da haka sun fi shekara 50 suna ja-in-ja a kan wannan tambaya: in aka sa likita a motar, mutane nawa za su ƙaru a cikin masu komawa gida da ƙafafunsu?

Kafin mu shiga gardamar, sai mu san abin da ake yaƙi da shi. Tsayawar zuciya daban take da toshewar jijiyar zuciya, ko da yake sau da yawa toshewar ce ke jawo ta. Mai toshewar jijiya yana cikin hayyacinsa, yana dafe da ƙirji, yana gumi, yana iya cewa a kai shi asibiti. Wanda zuciyarsa ta tsaya kuwa, cikin 'yan daƙiƙu zai sulale, ba ya ji, ba ya gani. Zuciya tana aiki ne da wata 'yar wutar lantarki da take samarwa da kanta, wadda ke faɗa wa kowane sashe na tsokarta lokacin da zai matse. Duk wanda ya taɓa kallon mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya ga irin wannan tsari: kowace taɓarya da lokacin saukarta. Da zarar kowace ta fara sauke tata yadda ta ga dama, taɓare za su yi ta karo, hannuwa na motsi, gumi na zuba, hatsi kuwa bai daku ba. Haka zuciya kan yi a farkon tsayawarta ga mutane da yawa, tana karkarwa ba ta tura jini ko'ina. Gyaran guda ɗaya ne: a tsayar da kowa cak, a sake ɗauka tare. Aikin na'urar da ke ba zuciya shokin ɗin lantarki ke nan.

Matsalar ita ce lokaci. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye iskar oksijin, kuma daga minti 4 zuwa 6 bayan yankewar jini ta fara lalacewa. Ƙididdigar da masu wannan fanni suka daɗe suna aiki da ita ta nuna cewa duk minti ɗaya da ya wuce ba a danna ƙirji ba, ba a ba da shokin ba, damar tsira tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. In ana danna ƙirji, raguwar kan tsaya a wajen kashi 3 zuwa 4. Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma, domin duk abin da zai biyo baya a kansu yake tafiya.

Tun 1938 wani likitan fiɗa na Jamus mai suna Martin Kirschner ya kafa hujjar cewa likita ne ya kamata ya je wurin wanda ya ji rauni, tun da haɗarin mutuwa ya fi yawa a wurin da abin ya faru. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse maganar, amma a 1957 motocin farko masu likita suka fara aiki a biranen Heidelberg da Köln. A Faransa, Farfesa Louis Lareng ya kafa hukumar agajin gaggawa ta SAMU ta farko a Toulouse a 1968, kuma dokar 1986 ta tabbatar da tsarin a ƙasar baki ɗaya. Hankalin waɗannan mutane a lokacin ya fi karkata ga haɗarin mota, wanda ke cin rayuka ba ƙaƙƙautawa a titunan Turai.

Wanda ya juya maganar zuwa ga zuciya shi ne Frank Pantridge na asibitin Royal Victoria da ke Belfast, a Ireland ta Arewa. Ya lura cewa akasarin waɗanda ciwon zuciya ke kashewa ba sa ma isowa asibiti, suna mutuwa ne a gida ko a hanya, alhali na'urar da za ta cece su tana kulle a cikin ɗakin jinya, an jona ta a bango. A 1965 shi da abokan aikinsa suka harhaɗa wata da za a iya ɗauka, tana cin wuta daga batiran mota, nauyinta ya kai kilo 70. A farkon 1966 suka sa ta a motar asibiti tare da ƙaramin likita da ma'aikaciyar jinya. Rahoton da shi da John Geddes suka buga a mujallar Lancet a 1967 ya tabbatar wa duniya cewa ana iya tashin zuciyar da ta tsaya a falon gida ko a bakin titi.

Labarin ya tsallaka teku, amma a can likitan ya sauka daga motar. Amurka ƙasa ce mai faɗi, kuma lokacin likita a cikinta tsada gare shi. A Pittsburgh, tun 1967, Peter Safar ya fara horar da matasa baƙar fata daga wata unguwar talakawa, a ƙarƙashin shirin Freedom House, su yi a titi abin da a da likita kaɗai ke yi. A Seattle, likitan zuciya Leonard Cobb ya haɗa kai da shugaban 'yan kwana-kwana na birnin, Gordon Vickery, suka kafa shirin agajin gaggawa na Medic One a 1970. Dalilinsu mai sauƙi ne: tashoshin kwana-kwana sun riga sun bazu a kowace unguwa, ma'aikatansu a farke suke dare da rana, kuma sun saba da fita a guje. Haka hanya ta rabu biyu.

To, wace ta fi?

A 2016 Bernd Böttiger na Jami'ar Köln da abokan aikinsa suka tattara bincike 14 da aka yi a ƙasashe daban-daban, waɗanda suka ƙunshi majinyata sama da 126,000. Sakamakon ya faranta wa masu goyon bayan likita rai. Inda likita ya jagoranci aikin farfaɗowa, kashi 15.1 cikin 100 sun bar asibiti da rai. Inda jami'an agaji ne kawai, kashi 8.4. Kusan ninki biyu ke nan. A Japan ma, inda hukumar kwana-kwana ta ƙasa take rubuta kowace tsayawar zuciya da ta faru a wajen asibiti tun 2005, sama da 100,000 a kowace shekara, Akihito Hagihara na Jami'ar Kyushu da tawagarsa sun buga bincike a 2014 da ya nuna cewa kasancewar likita a motar tana tafiya tare da ƙaruwar masu rai bayan wata ɗaya.

Da a nan maganar ta tsaya, da babin ya ƙare. Sai dai babu ko ɗaya daga cikin waɗannan bincike da aka raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, a ce wannan a tura masa likita, wancan kada a tura. Masu binciken sun duba abin da ya riga ya faru ne, kuma abin da ya riga ya faru akwai hannun mutane a ciki. Mai karɓar kira yana da likita ɗaya, kira kuma biyu sun shigo: ɗan shekara 45 da ya faɗi a gaban abokan aikinsa yanzu-yanzu, da tsohuwa 'yar shekara 88 da aka tarar a kan gado da safe, ba wanda ya san yaushe numfashinta ya ɗauke. Kowa ya san inda zai tura likitan. In ɗan shekara 45 ya tashi, za a rubuta a lissafin likita, alhali tun farko shi ne mai dama. Motocin likitoci kuma sun fi yawa a kusa da manyan asibitoci, inda ake da ɗakin buɗe jijiyar zuciya da sashen kulawa ta musamman. Akwai ma wani abu da ba a cika lura da shi ba: likita yana da ikon ya duba mutum ya ce ya riga ya cika, kada a fara, kuma wanda ba a fara aiki a kansa ba sau da yawa ba ya shiga lissafi. Jami'in agaji a ƙasashe da dama ba shi da wannan iko, dole ya fara a kan kowa, sai alƙalumansa su yi ƙasa. Masu lissafi suna da dabarun rage irin wannan karkata, kuma sun yi amfani da su, amma ba za su iya gyara abin da ba a rubuta ba.

Batun Japan yana da nasa sirrin. Sai a 1991 ƙasar ta kafa aikin jami'in ceton rai na gaggawa, kuma ta ɗaure masa hannu tamau. Ba a ba shi izinin zura bututun numfashi a maƙogwaro ba sai 2004, allurar adirenalin kuma sai 2006, su ma sai ya kira likita a waya ya nemi umarni. Saboda haka in aka ce likita ya fi jami'in Japan, ba a ce ya fi jami'in Seattle ba, wanda ya yi horo mai tsanani kuma yake ganin irin wannan aiki kullum. A Oslo ta ƙasar Norway, inda jami'an agaji ke da horo mai kyau, an kwatanta motar da ke da likita da sauran motocin birnin a wani bincike na 2009. An ga dannar ƙirji ta fi inganci a motar likita, amma yawan waɗanda suka tsira bai bambanta ba yadda za a kafa hujja da shi.

Akwai wata hanyar bibiyar tambayar, wadda a ganina ta fi kai mu ga gaskiya. A bar maganar wane ne ke cikin motar, a tambayi me yake yi da hannunsa wanda ke ceton rai. Abubuwan da ake kira aikin ƙwararru a wannan fage su ne sa allura a jijiya, ba da magunguna, da zura bututu a maƙogwaro. A lardin Ontario na Kanada an gwada su. Birane 17 da suka riga suka tsara isar da shokin cikin hanzari aka ƙara wa jami'ansu wannan horo na ƙwararru, aka bi majinyata 5,638. Sakamakon da Ian Stiell ya buga a 2004 ya girgiza mutane. Waɗanda aka kai asibiti zuciyarsu na bugawa sun ƙaru, daga kashi 10.9 zuwa 14.6. Amma waɗanda suka fita asibiti da rai: kashi 5.0 kafin horon, kashi 5.1 bayansa. A Birtaniya a 2018 aka gwada adirenalin kanta a kan mutum 8,014, rabi aka ba su maganin, rabi ruwan gishiri, ba tare da mai allurar ya san wanne ya bayar ba. Bayan kwana 30, kashi 3.2 na waɗanda suka sami maganin suna da rai, kashi 2.4 na waɗanda ba su samu ba. An ƙaru, amma da yawa daga cikin ƙarin sun tashi da mummunar illa a ƙwaƙwalwa. A wannan shekarar kuma wani gwaji a Ingila a kan mutum sama da 9,000 ya nuna cewa bututun maƙogwaro, mai wuyar sawa, bai fi wata sassauƙar roba da ake turawa ta baki ba.

Wannan ba ya nufin likita ba shi da amfani, kuma duk wanda ya karanta alƙaluman haka ya yi gaggawa. Abin da suke nunawa shi ne amfanin likita ba a allurarsa yake ba. Yana cikin shawarar da zai yanke a lokacin da littafin ƙa'ida ya ƙare.

Mu duba abin da ya faru ranar 17 ga Maris 2012 a filin White Hart Lane na Landan. Ana wasan cin kofin FA tsakanin Tottenham da Bolton, kafin a tafi hutun rabin lokaci, sai Fabrice Muamba, ɗan shekara 23, haifaffen Kinshasa, ya kife a tsakiyar fili ba wanda ya taɓa shi. Likitocin ƙungiyoyin biyu suka rugo, suka fara danna ƙirjinsa nan take. Aka ba shi shokin sau biyu a kan ciyawa, sau ɗaya a hanyar fita. A cikin 'yan kallo akwai wani likitan zuciya mai suna Andrew Deaner, ya zo kallon ƙwallo ne kawai. Ya lallashi masu tsaro suka bar shi ya sauko, ya shiga motar asibitin tare da su. Tsari ya ce a nufi asibiti mafi kusa. Deaner ya ce a'a, a wuce da shi London Chest Hospital, asibitin zuciya inda yake aiki, ko da ya fi nisa, domin can ne ake da kayan da wannan yaro yake bukata. A cikin mota ana ta danna ƙirji, aka ƙara masa shokin har sau 12. Minti 78 zuciyar Muamba ta yi ba ta aiki da kanta. Bayan wata ɗaya ya fita asibiti da ƙafafunsa, yana magana, ya san kowa.

Wa ya ceci Muamba, bayan ikon Allah? Shawarar Deaner tana da kaso mai girma, kuma jami'in da ke bin rubutacciyar ƙa'ida da wuya ya yanke irinta. Amma da Muamba ya yi minti 10 a kwance kafin hannu ya hau ƙirjinsa, da Deaner ya sauko ne ya raka gawa.

Irin wannan shawara ce ake samu daga likita. Shi ne zai ɗora na'urar sikanin a ƙirji ya ga jini ya taru ya shaƙe zuciya, ko ya gane cewa gudan jini ne ya toshe huhu, ko guba ce, ya sauya magani. Shi ne zai kula da mutum a mintunan da ke bayan dawowar bugun zuciya, lokacin da hawan jini ke rawa, numfashi bai daidaita ba, kuma kuskure kaɗan zai mayar da hannun agogo baya. Shi ne kuma zai iya zama da iyali ya ce an yi iya yi, a daina, maimakon a ja tsoho a guje zuwa asibiti ya cika a cikin baƙi. A Paris sun kai abin ƙarshe. Tun 2011 tawagar Lionel Lamhaut take ɗaukar na'urar ECMO, wadda ke fitar da jini daga jiki ta sa masa oksijin ta mayar, su jona wa mutum ita a inda ya faɗi, har a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da cikin gidan tarihi na Louvre. Wannan aikin likita ne tsantsa. Sai dai mutanen da ya dace da su kaɗan ne, kuɗinsa mai yawa ne, kuma gwaje-gwajen da aka yi kan wannan na'ura ba su yi baki ɗaya ba: wani ƙaramin gwaji a Minneapolis a 2020 ya nuna babbar nasara, wani mafi girma a Holan a 2023 bai ga bambanci mai ƙarfi ba.

An daɗe ana zargin tsarin Faransa da jinkiri, musamman bayan daren 31 ga Agusta 1997, lokacin da aka ɗauki fiye da awa ɗaya da rabi tsakanin haɗarin Gimbiya Diana da isarta asibitin Pitié-Salpêtrière, a cikin gari ɗaya. Amma a raba abu biyu. Wanda jini ke zuba a cikin jikinsa, maganinsa yana ɗakin tiyata, kuma duk mintin da aka ɓata a hanya asara ce. Wanda zuciyarsa ta tsaya, maganinsa na farko yana nan inda ya faɗi, matuƙar na'urar ta zo. Dannar ƙirji a kan matakalar bene ko a cikin mota mai tangaɗi ba ta da inganci. Wani bincike na 2020 a kan mutum kusan 44,000 a Amurka da Kanada ya gano cewa, a tsakanin majinyata masu kama da juna, kashi 8.5 sun tsira cikin waɗanda aka ci gaba da aiki a kansu a wurin, kashi 4.0 cikin waɗanda aka kwasa zuciyarsu a tsaye. A wannan gaɓa Faransawa sun yi daidai, kuma jami'an Amurka da Birtaniya a yau su ma tsayawa suke yi su yi aiki.

Hanyoyin biyu ma sun fara haɗewa. Birtaniya, ƙasar jami'an agaji, tana sa likitoci a jirage masu saukar ungulu don kiran da ya fi tsanani. Jamus, ƙasar likitan gaggawa, ta ƙirƙiro sabon matsayi na jami'in agaji mai horon shekara 3 a 2014, kuma a wannan shekarar birnin Aachen ya fara tsarin da likita ke zaune a ofis yana ganin majinyaci ta na'ura yana ba da umarni, saboda likitocin ba sa isa.

Yanzu mu koma ga alƙaluman da na ce a riƙe. A Ingila burin da aka ɗora wa motar asibiti a kira mafi tsanani shi ne ta isa cikin minti 7 a matsakaici. A Japan matsakaicin lokacin isowa ya haura minti 10 a 2022. Waɗannan ƙasashe ne masu titi mai kyau da lambar gida a kowace ƙofa. Ko wane ne a cikin motar, farfesa ko sabon jami'i, zai iso ne bayan mintunan da suka fi kowane tsada sun wuce. Mintunan nan suna hannun wanda ke tsaye a wurin: mata, ɗa, maƙwabci, abokin ciniki.

Nan ne alƙaluma suke magana da murya ɗaya. A Siwidin an bi mutum sama da 30,000 da zuciyarsu ta tsaya a gaban shaida. Waɗanda aka fara danna musu ƙirji kafin mota ta zo, kashi 10.5 suna da rai bayan kwana 30, waɗanda aka tsaya ana jira, kashi 4.0. Denmark ta wajabta koyar da dannar ƙirji a makarantun firamare a 2005, da ga mai neman lasisin tuƙi a 2006. Tsakanin 2001 da 2010, yawan waɗanda mutanen gari suka fara taimaka wa ya tashi daga kashi 21.1 zuwa 44.9, masu tsira kuma daga kashi 3.5 zuwa 10.8. A gidajen cacar Amurka, akasari a Las Vegas, an ba masu gadi na'urar shokin mai sarrafa kanta, wadda ake kira AED, aka koya musu aiki da ita cikin 'yan awoyi. Rahoton shekarar 2000 ya nuna cewa cikin waɗanda aka ga faɗuwarsu kuma aka ba su shokin kafin minti 3 ya cika, kashi 74 sun fita asibiti da rai.  Seattle kanta, da ba ta sa likita a mota, sirrinta shi ne tun farkon shekarun 1970 Cobb ya shiga koya wa mutanen gari dannar ƙirji, daga baya kuma masu karɓar kira a yankin suka fara koya wa mai kira ta waya, yana yi suna ƙirga masa. A 2013 yankin ya ba da rahoton tsirar kashi 62 cikin waɗanda aka ga faɗuwarsu kuma zuciyarsu na cikin yanayin da shokin ke gyarawa.

Hukuncina ke nan. Ƙasar da ta riga ta koya wa jama'arta dannar ƙirji, ta baza na'urori, ta tsara motoci masu isowa da wuri, in ta ƙara ƙwararren likita a kan kiran da ya fi tsanani, za ta ƙara ceton wasu rayuka, kuma kowane rai abin nema ne. Ƙasar da ba ta yi waɗannan ba, in ta fara da likita a mota, ta fara daga inda ya kamata ta ƙare.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Nijar ta ɗauki tsarin Faransa har da sunansa, akwai SAMU a Yamai. Nijeriya tana da lambar gaggawa 112, kuma a 2022 ta ƙaddamar da shirin motocin agajin gaggawa na ƙasa. Duk ƙoƙari ne mai kyau. Amma a inda likita ɗaya ke duba layin da ya fito har baranda, cire shi a zaunar a mota yana jiran kira asara ce ga masu layin, kuma a cunkoson Kano ko Kaduna ba zai isa cikin minti 7 ba. Masu kallon ƙwallo sun ga yadda Christian Eriksen na Denmark ya faɗi ranar 12 ga Yuni 2021, aka danna ƙirjinsa, aka ba shi shokin a fili, bayan wata 8 ya dawo wasa. Sun kuma ji labarin Chineme Martins na Nasarawa United, wanda ya faɗi a Lafiya ranar 8 ga Maris 2020 ana wasa da Katsina United, rahotanni suka ce motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi, ya rasu. Abin da ya raba su ya faru ne a mintunan farko.

Mun san abin da muke yi in mutum ya faɗi a kasuwa ko a sahun salla. A taru a kansa, wani ya kawo ruwa a yayyafa masa, wani ya yi masa fifita, a ɗaga shi zaune, a nemi adaidaita sahu. In ya fara jan wani numfashi mai ƙara, sama-sama, jefi-jefi, wasu su ce da sauran numfashi a bar shi ya huta, wasu su ce gargara ce a fara salati. Wannan jan numfashi kuwa alama ce ta cewa zuciyar ba ta daɗe da tsayawa ba, kuma lokacin ne dannar ƙirji ta fi amfani. Ajali a hannun Allah yake, babu mai ja, amma an umarce mu da riƙo da sababi, kuma ana iya yin salati hannu yana aiki.

Ga abin da za ka yi. Ka girgiza kafaɗarsa ka kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, kuma ba ya numfashi irin na mai barci, ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce ya kira agaji, ya nemo mota. Ka durƙusa, ka ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a bisa, gwiwar hannu a miƙe, ka danna da nauyin jikinka har ƙirjin ya nutse santimita 5 zuwa 6, ka bar shi ya dawo, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a kowace daƙiƙa. Haƙarƙari na iya karyewa, kada ka tsaya, ƙashi yana ɗoruwa. In ka gaji bayan minti 2 wani ya karɓa. Mace ce, a danna, mata su koya don su yi wa 'yan'uwansu, in kuma babu mace a kusa namiji ya yi, lalura ce. In yaro ne, ko wanda aka tsamo daga ruwa, a hura masa iska sau 2 a baki bayan kowace danna 30. Inda ka san babu motar da za ta zo da na'ura, a nemi mota mai faɗin da za a shimfiɗe shi, a ci gaba da dannawa har ƙofar asibiti.

Dannawa kaɗai ba kasafai take tashin zuciyar babba ba, tana riƙe ƙwaƙwalwa ne har shokin ya zo. Shi ya sa nake roƙon shugabannin kasuwanni, da kwamitocin manyan masallatai da majami'u, da masu filayen wasa da tashoshin mota, su haɗa kuɗi su sayi AED, su rataye ta inda kowa zai gani, ba a ofishin da ake kullewa ba. Na'urar tana magana, ita ke duba zuciyar, kuma ba ta ba da shokin ga wanda ba ya bukata. Muna da 'yan agaji masu kaki a kusan kowane masallacin Juma'a, a shirye suke, yini ɗaya ya isa a koya musu. Mai karatu, ka nemi reshen Red Cross na jiharka ko wani ma'aikacin lafiya da ka sani, ka ce ya nuna maka a aikace, ka kuma tafi da mutum ɗaya daga cikin mutanen gidanka.